DIYYA HUƊU A KAN JIFA ƊAYA: DUKAN IYALI DA RAUNIN ƘWAƘWALWA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, karatunmu na yau zai fara ne da wani hukunci da Sarkin Muminai Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya yanke, wanda Ibnu Abi Shaiba da Baihaƙi suka kawo. A zamaninsa an jefi wani mutum da dutse a ka. Mutumin bai mutu ba, amma jinsa ya tafi, maganarsa ta tafi, hankalinsa ya gushe, kuma ya daina iya kusantar iyali. Sai Umar ya yanke a biya shi diyya huɗu, yana raye yana numfashi. Diyyar rai ɗaya raƙuma 100 ce, kun ga raƙuma 400 kenan a kan jifa ɗaya. Da mutuwa ya yi nan take bisa kuskure, da raƙuma 100 kawai za a biya.

Ku lura da abin da Umar ya gane. Kunnen mutumin yana nan, bakinsa yana nan. Abin da yake tafiyar da su ne dutsen ya taɓa, kuma aka lissafa kowace ni'ima da ta salwanta daban.

Na ɗauko wannan labari ne saboda irin wannan ɓarna tana faruwa a gidajen Musulmi, a unguwanninmu, kuma ba mai lissafa ta. Idan miji ya ɗaga hannu a kan matarsa, a ina hannun yake sauka? Kowa ya sani: mari a kunci, naushi a ido, ranƙwashi a tsakar ka, a cafko kitso a gwara kai da bango, a shaƙe wuya. Likitocin da suke karɓar irin waɗannan mata a ƙasashe daban-daban sun daɗe da lura cewa kai da fuska da wuya su ne inda aka fi samun rauni. Mu kuwa idan an zo sulhu, tambayarmu biyu ce: an fitar da jini? An karya ƙashi? Idan babu, sai a ce ai ɗan saɓani ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa, a yi mata nasiha ta koma ɗakinta. Bayan kwana huɗu kumburi ya saɓe, shikenan magana ta mutu. Alhali babban raunin yana can cikin ƙoƙon kai, inda ido ba ya kaiwa.

Duk wanda ya taɓa fasa kan ragon layya ya san yadda ƙwaƙwalwa take. Taushinta kamar awarar da ba a soya ba, yatsa ma yana lotsa ta. Ta ɗan Adam ma haka take. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, Allah Ya ajiye ta cikin ƙashi mai ƙarfi, tana iyo a wani ruwa da yake kare ta daga ƙananan girgiza. Wannan kariya ta wadatar ga tafiya da gudu da ruku'u da sujada. Amma idan aka kai wa kai duka da ƙarfi, sai ƙwaƙwalwar ta tafi ta bugi ƙashin ta ciki, ta dawo ta bugi ɗaya ɓangaren. Duka ɗaya, rauni biyu. Shi kuwa mari mai ƙarfi yana da nasa sharrin na daban, domin murɗa kai yake yi gefe farat ɗaya. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma wasu siraran zaruruwa ne suke haɗa su, waɗanda gashin kai ma ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Idan kai ya murɗa da sauri, zaruruwan suna miƙewa fiye da ƙima, wasu su lalace, wasu su tsinke. Misalinsa kamar gidan da ɓera ya cinye wayoyin wutarsa a cikin silin. Ka shiga ka ga fenti lafiya lau, ƙwan fitila lafiya lau, amma ka danna makunni wuta ta ƙi kawowa.

Akwai maganganu biyu da nake yawan ji daga mazaje a wajen sulhu, kuma duka biyun ba hujja ba ne. Ta farko: "Malam, ai ba ta ma suma ba." To ka sani, mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma. Ganin taurari, ko duhu-duhu na ɗan lokaci, ko ruɗewa, ko kasa tuna abin da ya faru daidai lokacin, duk alamu ne cewa an taɓa ƙwaƙwalwa. Ta biyu: "An yi mata hoton kai, an ce ba komai." Hoton da aka fi yi a asibiti yana neman taruwar jini ne da karyewar ƙashi. Lalacewar waɗancan siraran zaruruwa sau da yawa ba ta fitowa a cikinsa. Idan hoto ya fito lafiya, an gode Allah babu buƙatar tiyata, amma wannan bai wanke ka ba.

Ilimin wannan cuta daga wajen 'yan dambe ya faro. A shekarar 1928 wani likita a Amurka mai suna Harrison Martland ya yi rubutu a kan tsofaffin 'yan damben da suke komawa kamar mashaya: tafiya da tangaɗi, magana a sarƙe, tunani a dagule. A 2002 kuma Dakta Bennet Omalu, ɗan Najeriya ɗan asalin jihar Anambra, ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka mai suna Mike Webster bayan rasuwarsa, ya ga irin ɓarnar da yawan karo da kai ya yi masa. Daga nan aka zuba kuɗi da bincike a kan 'yan wasa da sojoji. Matan da ake duka a ɗaki kuwa an daɗe ba a waiwaye su ba, duk da cewa tun 1990 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton wata tsohuwa mai shekara 76 da mijinta ya shafe shekaru yana duka, ta kamu da ciwon mantuwa, da aka duba ƙwaƙwalwarta bayan ta rasu sai aka ga ta yi kama da ta ɗan dambe. Ba ina cewa duk matar da aka daka ƙarshenta kenan ba. Amma ku gwada ta da ɗan damben namu na gargajiya. Shi da ƙafarsa ya shiga fage, ya shirya, abokin karawarsa sa'ansa ne, turmi uku ake yi, akwai alƙalin wasa, kuma da zarar ya kai ƙasa an raba. Ya koma gida ya yi jinya. Ita fa? Ba shiri, ba mai rabawa, wanda ya dake ta ya fi ta ƙarfi, faɗuwarta ba ta tsayar da shi, kuma da asuba ita za ta tashi ta hura wuta ta dama koko ta shirya yara makaranta. A wasannin zamani, ɗan wasan da aka ga alamar kansa ya girgiza fitar da shi ake yi daga fili, ba ya komawa a ranar, saboda an san ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba idan aka sake bugunta ɓarnar ta fi ta farko. Ita kuwa a sati ɗaya sai a maimaita mata sau biyu.

A 2003 wata mai bincike a Amurka, Eve Valera, ta tattauna da mata 99 da mazajensu suke duka. Kashi 74 cikin 100 an same su da alamun raunin ƙwaƙwalwa aƙalla sau ɗaya daga hannun mijin, kusan rabinsu kuma fiye da sau ɗaya. A nan gida, binciken lafiya da ƙidayar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka tun daga shekara 15. Ku haɗa waɗannan lissafi biyu da kanku, ku kintata mata nawa ne suke zaune cikin hijabi a Islamiyyunmu da kawunan da aka taɓa.

Sai maganar shaƙewa, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali, domin mutane ba sa ma ɗaukar ta duka. Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce kacal cikin 100 na nauyin jiki, amma ita take cin kusan kashi 20 na iskar da jini yake ɗauka. Manyan jijiyoyin da suke kai mata jini suna gefen wuya ne, dama da hagu, kusa da fata. Idan aka matse su, cikin sakan 10 ko ƙasa da haka mutum yana iya sumewa, cikin 'yan mintuna kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fara mutuwa. A birnin San Diyego na Amurka an duba ƙararrakin shaƙewa 300, aka buga sakamakon a 2001: rabinsu babu wani tabo da ido yake gani a wuya. Jijiyar da aka matse kuma tana iya tsagewa ta ciki, jini ya daskare, bayan kwanaki ko makonni mace ta faɗi da shanyewar ɓarin jiki, a ce hawan jini ne ko iska ta buge ta. Wani binciken da Nancy Glass da abokan aikinta suka fitar a 2008 ya nuna matar da mijinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka na sauran fiye da sau 7. Don haka uba, wa, kawu: ranar da 'yarku ta ce muku "ya shaƙe ni", wallahi ba ranar ba da haƙuri ba ce.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Mace ta samu wannan rauni, me za a gani? Ciwon kai da ba ya jin magani. Jiri. Ƙara a kunne, ko kunnen ya daina ji sosai, domin mari yana fasa dodon kunne. Haske yana damunta, hayaniyar yara tana damunta. Barci ya ƙi, ko ya yi yawa. Ga gajiya. Sannan mantuwa: ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, ta sa gishiri sau biyu a miya, a aike ta da saƙo uku ta riƙe ɗaya, ta ajiye kuɗin cefane ta rasa inda ta sa. Ana yi mata magana tana kallon mutum, sai an maimaita. Gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ne wurin da yake taimaka wa mutum ya tsara aiki ya kuma danne fushi, kuma yana cikin wuraren da suka fi saurin samun rauni. Sai ka ga mace mai sanyin hali ta koma mai saurin hasala, ko ta fashe da kuka ba dalili.

To me maigida zai ce? "Ta raina ni. Ina magana tana yi min banza. Ƙazama ce, ba ta iya komai ba, kullum sai ta ƙona abinci. Ta yi min rashin kunya." Sai ya sake ɗaga hannu, a kan wannan kan dai. Wato yana hukunta ta a kan ciwon da shi ya sa mata, hukuncin kuma yana ƙara ciwon, ciwon yana ƙara kawo abin da zai hukunta ta a kai. Haka za a yi ta zagaye shekara da shekaru. Uwar miji ta ce dama ba ta da tarbiyya. Maƙwabta su ce wance ta canja, ba haka aka kawo ta ba. Gaskiya ne ba haka aka kawo ta ba. An kawo ta da sittin a ka, ko da izu goma, tana ta ɗaya a ajinsu. Yau tana tsayuwar sallah ba ta san raka'a nawa ta yi ba, surar da ta haddace tun tana yarinya tana kakare mata, ta zauna tana zargin kanta da raunin imani.

Idan magana ta kai gaban manya ko gaban alƙali ma, raunin nan ya sake cutar da ita. Shi ya zo da babbar riga da hula, ya tsara magana tiryan-tiryan. Ita kuma ta fara ba da labari ta rikice, ta ce Talata ce, ta dawo ta ce Alhamis, ta kasa tuna wanne ya riga wanne, ta yi kuka, ta ɗaga murya. Sai a kalli juna a ce maganarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Alhali kasa tuna abin da ya faru daidai lokacin duka yana cikin manyan alamun cewa dukan ya kai ƙwaƙwalwa. Ina roƙon alƙalanmu da 'yan Hisba da limamai da masu unguwanni su riƙe wannan.

Bari in yi magana da 'yan uwana masu ruƙya, cikin girmamawa. Mun yi imani da aljanu, mun yi imani da sihiri da kambun baka, ruƙya ta shari'a kuma gaskiya ce. Amma ciwon kai mai tsanani, da firgita cikin barci, da faɗuwa ana karkarwa, da canjin hali, da jin ƙara a kunne, duk raunin kai yana kawo su. Farfaɗiya ma tana iya farawa watanni ko shekaru bayan an bugi kai. Sau nawa miji ne da kansa yake kawo matar, ya zauna a gefe yana cewa kishiya ce ta yi mata sammu, ko aljani ne ya aure ta? Kafin ka fara karatu, ka sa wata mace amintacciya ta keɓe da ita, ba a gaban mijin ba, ta tambaye ta: an taɓa dukanki a kai? An taɓa shaƙe ki? Kin taɓa suma? Idan ta ce e, ka yi mata addu'a ka tura ta asibiti. Masu zane mara lafiya da bulala da sunan aljani suke duka kuwa, su ji tsoron Allah.

Mu koma ga shari'a. Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kare su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Hankali shi ne abin da ake ɗora wa bawa taklifi a kansa. Idan ya gushe, alƙalami ma ɗauke shi ake yi. Don kare shi aka haramta giya, aka sa mata haddi. Giya kuwa rufe hankali take yi na wasu awanni, mashayi ya wartsake. Kai da ba ka taɓa kai kwalba bakinka ba, kana sahun farko, kana ƙyamar 'yan ƙwaya, me za ka ce idan aka tambaye ka game da hankalin wata baiwar Allah da ka rage mata har ƙarshen rayuwarta?

Malaman fiƙihu ba su ɗauki kai da wasa ba. Raunukan kai da fuska suna da babi nasu, an jera su hawa-hawa da sunayensu, tun daga wanda ya ɗan kurje fata har wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa. A takardar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, wadda Malik da Nasa'i suka kawo, raunin da ya bayyana ƙashi, wato mudiha, raƙuma 5 ne. Wanda ya fasa ƙashi har ya gusar da shi, munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ma'amuma, sulusin diyya. Risalar Ibnu Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta faɗi cewa gushewar ji cikakkiyar diyya ce, gushewar hankali ma haka. Mun karanta, mun fassara, mun wuce, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa babin yana iya hawa kan abin da ya faru a ɗakin maƙwabcinmu daren jiya ba.

Na san wani yana can yana shirin rubuto min aya ta 34 a Suratun Nisa'i. Na san ta, kuma ba mai goge aya. Amma mu karanta ta yadda magabata suka karanta. Maganar nushuzi take yi, wato bijirewa bayyananna, ba gishiri a miya ko jinkirin kawo ruwan wanka ba. Ta sa wa'azi a gaba, sannan ƙaurace wa shimfiɗa. A huɗubar ban kwana Annabi (SAW) ya ƙayyade cewa kada ya zama mai cutarwa. Ɗabari ya kawo cewa Aɗa'u ya tambayi Ibnu Abbas ma'anar hakan, ya ce masa da asuwaki da makamancinsa. Shi kansa Aɗa'u, kamar yadda Ibnul Arabi Bamalike ya naƙalto a Ahkamul Ƙur'an, yana ganin kada ma ya dake ta. Shehu Dardiri a sharhinsa na Muhtasar ya bayyana cewa duka mai cutarwa bai halatta ba ko da mijin ya tabbata ba za ta gyaru ba sai da shi, kuma idan ya aikata tana da haƙƙin a raba auren, tana da haƙƙin ƙisasi. Ibnu Ashur na Tunisiya, wanda ya rasu a 1973, ya ce idan hukuma ta ga maza ba sa tsayawa a kan iyaka, tana da ikon ta hana ta kuma hukunta. To ko a fahimtar da ta fi kowacce sassauta wa miji, ina mari? Ina naushi? Ina bango? Ina wuya?

Fuska kam haramcinta a fili yake. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira umarnin a nisanci fuska ko da faɗa ake yi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'awiya Alƙushairi cewa rashin dukan fuska yana cikin haƙƙoƙin mace a kan mijinta, a jere da ci da tufafi. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Jaki fa! Ya kuma ruwaito daga Ibnu Umar cewa wanda ya mari bawansa, kaffararsa ita ce ya 'yanta shi. Mutumin da aka kama da zina za a yi masa bulala 100, a mazhabarmu a gadon baya da kafaɗu ake yi, ba a taɓa kansa. Uwar 'ya'yanka ta fi mai haddi laifi ne? Nana A'isha (RA) ta shaida, a Sahihu Muslim, cewa hannunsa (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Da mata suka yi ta zuwa gidajensa suna ƙarar mazajensu, ya ce waɗannan mazan ba su ne zaɓaɓɓun cikinku ba.

Iyaye da waliyyai, ga naku. Nasa'i ya kawo cewa Sabitu ɗan Ƙaisu ya daki matarsa Jamila har ya karya mata hannu. Ɗan uwanta ne ya tashi ya kai ƙara wurin Annabi (SAW), kuma ba a ce masa tsakanin miji da mata sai Allah ba. An kira Sabitu, aka raba auren. Sabitu kuwa sahabi ne babba, mai huɗubar Ansar. Da Faɗima 'yar Ƙaisu ta nemi shawara a kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya gaya mata ƙarara cewa Abu Jahm mai dukan mata ne, ya nuna mata Usama. Saboda haka idan an zo bincike a kan wanda ka san ya saki ta farko da kunne ɗaya, faɗin gaskiya nasiha ce. Haƙurin da muke cusa wa 'ya'yanmu idan sun yo yaji yana da muhallinsa: talauci, halin dangin miji, zafin kishi. Wanda ya mayar da 'yarsa inda ake bugun kanta, da hannunsa ya miƙa ta.

Kada a ɗauka maza kaɗai nake nufi. Kai kai ne, ko na wane. Matar da take rafka wa miji taɓarya, da kishiyar da take gwara kan 'yar uwarta, da uwar gidan da take ƙwala wa 'yar aiki muciya, da matar uban da take ranƙwashin maraya, hukuncin ɗaya ne. Har da mu malamai: gardin da yake buga wa almajiri allo a ka don ya kasa biya karatu, wurin da karatun zai zauna yake rusawa. Jariri kuma ko dukansa ba sai an yi ba. Jijjiga shi da ƙarfi cikin fushi don ya ƙi yin shiru ya isa ya tsinka jijiyoyin jini a kansa, ya makance, ko ya naƙasa, ko ya mutu.

Idan abin ya riga ya faru, ga alamun da ba a kwana da su a gida: suma ko da ta ɗan lokaci ce, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai da yake ƙaruwa, barcin da ake tashin mutum da ƙyar, karkarwa irin ta farfaɗiya, sarƙewar magana, mutuwar hannu ko ƙafa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, jini ko ruwa garai-garai yana fita ta kunne ko hanci. Bayan shaƙewa kuma, a je asibiti ko babu tabo, balle idan murya ta dishe, ko haɗiya tana wuya, ko ido ya yi ja da ɗigo-ɗigon jini, ko fitsari ya kuɓuce mata a lokacin. Mai ciki ma a kai ta ko ba ta ce komai ba. Kada ku ruɗu don ta farfaɗo tana magana. Akwai zubar jinin da mutum yake tashi garau na wasu awanni sannan ya faɗi, akwai kuma wanda yake taruwa a hankali sai bayan makonni ya bayyana. Kada a tsaya a kemis. A ranar farko a guji asfirin da dangoginsa don suna iya ƙara zubar jini, kada a ba ta maganin barci, kuma wani ya kwana kusa da ita. Asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, asibitin da ya fi kusa kuma zai iya turawa can. Abu mafi muhimmanci, 'yar uwa, ki gaya wa likita gaskiya. "Na zame a banɗaki" tana sa a duba ƙugu a bar kai, kuma ba wanda zai duba wuya.

Akwai albishir. Mafi yawan girgizar ƙwaƙwalwa mai sauƙi tana warwarewa cikin 'yan makonni idan an samu hutu na gaske, aka koma aiki a hankali, kuma ba a sake bugun wurin ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne magani babba, kuma ba likita ne yake ba da shi ba, dangi ne. Wadda alamunta suka daɗe, a rage mata hayaniya, a riƙa ba ta saƙo ɗaya-ɗaya, a rubuta mata abin da take mantawa, a daina ce mata mahaukaciya. Sallarta kuma, ta yi gini a kan abin da ta tabbatar ta yi sujadar rafkanwa. Idan shakkar ta zama kullum ce, tana da rangwamen mai yawan kokwanto, Allah Ya san abin da ya same ta.

Kai kuma ɗan uwa da kake karanta wannan gabanka yana faɗuwa, ƙofar tuba a buɗe take, amma wannan haƙƙin bawa ne, istigfari a kan buzu kaɗai ba ya sauke shi. Ka ɗauke ta ka kai ta asibiti da kuɗinka, ka faɗi abin da ka yi da bakinka. Ka nemi malamin da ya san babin diyya ya gaya maka abin da yake kanka. Ka nemi yafiyarta ba tare da matsi ba, kuma idan ta ce ba za ta iya zama ba, ka sawwaƙe mata cikin mutunci, kada ka ce sai ta fanshi kanta. Idan fushi ya taso, Sunna ta koya maka neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama idan kana tsaye. Ka ƙara da sa takalmi ka fita. Wanda ya san tun da ya yi hatsarin babur ya bugu a ka ya daina iya riƙe zuciyarsa, ko wanda tiramol ya kama, shi ma mara lafiya ne, ya je a duba shi a Dawanau ko Barnawa ko Kware tun kafin ya kashe 'yar mutane. Ciwon nasa dalili ne na neman magani, ba ya halatta masa jikin kowa.

Duk wadda ta je asibiti, ta roƙi a rubuta mata abin da aka gani da kwanan wata, ta ba wa wani amintacce a danginsu ya ajiye, ba a ɗakinta ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke aiki da ita, idan cutarwa ta tabbata alƙali yana iya raba auren ko da ba a tabbatar an maimaita ba, kuma ba sai ta mayar da sadaki ba. Takardar likita tana tuna abin da ita ba za ta iya tunawa ba ranar da aka tsayar da ita a gaban alƙali.

Wallahu a'alam.